Baba A-Sake da 'Ya'yan da Suka Ƙwace Min Shi

Tun ina 'yar ƙarama, ƙarar makullan Baba ce ke tashe ni da safe. Yakan sha shayinsa a tsaye, ya lalubi tabarau, ya ɗauki tsohuwar jakarsa mai karyayyen hannu, ya fita kafin mu gama wanke fuska. Idan ya isa jami'a ba ofis yake fara shiga ba. Ɗakin bincike yake wucewa, can ƙarshen bene. Ya wanke hannu har gwiwa, ya zura farar riga da safar hannu, sannan ya buɗe wani akwati mai ɗumi kamar jikin mutum. A cikinsa ake jera ƙananan kwalabe masu ruwa ja-ja, a cikin ruwan kuma ƙwayoyin halitta ke rayuwa, irin waɗanda aka gina jikina da naka da su, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin bincike. Yakan ɗauki kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa su a madubi, ya zuƙe tsohon ruwa, ya zuba musu sabo. Wannan shi ne ciyar da su. Asabar yana zuwa, Lahadi yana zuwa, ranar hutu yana zuwa. In Umma ta yi magana sai ya ce, "Su ba su san an yi hutu ba. Yunwa kawai suka sani."

Haka ya yi shekara talatin da ɗoriya, yana kula da ɗaliban da suka gama digirin farko suka dawo neman na biyu da na uku a ilimin ƙwayoyin halitta: yadda ƙwaya take rabuwa ta zama biyu, abin da ke sa ta kangare ta zama ciwon daji, abin da ke lanƙwasa jinin mai sikila. A watan jiya ya yi ritaya. Bai zama farfesa ba, ko baranda ba a sa wa sunansa ba, kuma in ka gan shi yana jiran mota a bakin titi za ka ɗauka wani tsohon masinja ne ya taso aiki.

Ni 'yarsa ce, ta biyu a gidan. Tela ce ni, shagona yana bayan jami'ar, kuma yawancin fararen rigunan da ɗalibansa ke sawa ni na ɗinka su. Na zauna in rubuta masa jinjina, amma gara in faɗa tun yanzu, kada mai karatu ya ga ina cije baki a tsakiya ya rasa dalili: kishin ɗaliban nan nake yi. Ba wai na taɓa yi na daina ba. Yanzu haka ina cikin yi.

Su ne suka sa masa suna Baba A-Sake. Ɗalibi zai shafe makonni yana gwaji, ya zo da sakamako yana washe baki, Baba ya ɗaga tabarau ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce, "To, a sake." In an sake aka samu abu guda, sai ya ce, "Ya fara kama da gaskiya. A sake." Akwai waɗanda suka yi kuka a banɗaki saboda kalmar nan. Amma duk wanda ya zo shagona awon riga, ina zagaya shi da tef yana ba ni labarin A-Sake, kamar mai labarin wani gwarzon ƙauyensu.

Mu a gida wata kalmar ce tamu: "Madalla." Ka zo na ɗaya a aji, madalla. Ka zo na ashirin, madalla. Rigar farko da na ɗinka masa, hannun dama ya fi na hagu tsawo, wuyan kuma ya karkace. Ni kaina na gani. Na miƙa masa ina jiran ya ce wani abu. Ya sa, ya ce, "Madalla, Uwata," don haka yake kirana, ya ɗauki jakarsa ya tafi aiki da ita a jikinsa. A kan teburin falo kuwa ga kundin binciken wani ɗalibi a buɗe, Baba ya bi shi layi-layi da jan biro har shafin ya koma kamar an yanka kaza a kai. Ko waƙafi bai bari ba. Na tsaya ina kallon jan biron nan. Wannan baƙon, Baba ya zauna da aikinsa har ya ga waƙafi. Ni, hannun riga guda bai gani ba.

Na kai ƙara wurin Umma. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ke ki gode wa Allah, riga kawai kika yi asara. Ni firizata ma ban tsira da ita ba."

Gaskiya ta faɗa. Akwai shekarar da firizar ɗakin bincike ta mutu ana tsananin zafi, ga aikin ɗalibai na shekaru a daskare a ciki. Sai ga Baba da tsakar rana a motar haya, da kuloli cike da ƙanƙara, ga ɗalibai biyu suna haki. Ya kwashe duk naman da Umma ta tara ya zube a baho, ya jera ƙananan bututansa a firizarta, ya manna takarda a murfin: kada a buɗe. Ranar duk maƙwabta sun ci nama. Umma ta yi mako ba ta kula shi, shi kuwa bai ma lura ana fushi da shi ba, sai yabon firizar yake yi, wai ta fi ta jami'a sanyi.

Amma ba firiza ce ta fi ci min rai ba. Labarin Uwar Tagwaye ne.

A lokacin ba ta haifi tagwayen ba. Ɗalibar digiri na uku ce, tana binciken abin da ke sa jinin masu sikila ya liƙe a jijiya, kuma ba don sha'awa kawai ba, don ƙanenta ciwon ne ya tafi da shi. Ta zo shagona in ɗinka mata riga mai faɗi saboda ciki ya tsufa. Ni ma ina da nawa, na fari. Muka yi ta tsokanar juna, wai a ga wadda za ta riga sauka. Na gama rigar, na rataye, ba ta zo karɓa ba.

Ashe fumfuna ce ta shiga kwalabenta. Ta buɗe akwatin ɗumi wata safiya ta tarar da ruwan ya yi gurɓi, farin gashi-gashi ya rufe ƙwayoyin da ta shekara biyu tana raino. Ita ta ba ni labarin daga baya. Ta ce ba ta yi kuka ba. Ta cire safar hannu, ta je ofishin Baba, ta ajiye makullin ɗakin bincike a teburinsa.

"Malam, na haƙura. Ba rabona ba ne."

Ya dubi makullin, ya dube ta, ya ce, "To."

Ta koma gida tana ganin an gama. Da la'asar sai ga sallama. Baba ne, ya tambayi gidan wurin masu shaguna har ya gano. Ya zauna a tabarma da mijinta da surukarta, bai yi maganar digiri ba, sai ya tambayi mijin, "Ɗana, me ya fi damunka a karatun nan nata?"

Mijin ya sunkuyar da kai. "Tsayuwar, Baba. Dubi ƙafafunta yadda suka kumbura. Likita ya ce biyu ne a cikin."

"Kana da gaskiya. Ta zauna. Ni zan tsaya."

Surukar ta ce, "Kai da girmanka za ka yi mata aikinta?"

"Aikin nata ne, Inna. Kanta zai yi tunanin. Hannu kawai zan ara mata."

Akwai 'yan ƙwayoyin da ta daskarar tun farkon aikin, don ko ta kwana. Baba ya narkar da su, ya raine su da hannunsa. Kullum zai ɗauki hotonsu ta madubi ya tura mata a waya, ita kuma daga kan gado ta faɗi abin da za a yi gaba. In ta faɗi abin da bai gamsu ba, ya sa ta kare shi da hujja, tana kwance tana gardama da malaminta. Ta haihu, ta yi jego, yana ciyar mata da su. Da aikin ya fito a mujalla, sunanta ne a gaba, nasa a ƙarshe.

Kai ne wannan, Baba. Kai ne mai bin ɗalibi har ƙofar gida ka mayar masa da makullin da ya yar. Majinginar wanda ƙafa ta gaza. Na yarda, kuma na sara maka.

Sai dai a makon da ta sauka ni ma na sauka, kuma tawa ba ta zo da sauƙi ba, sai da aka yi min aiki. Maigidana ya kira Baba tun da safe. Bai iso ba sai bayan azahar, yana warin sinadarin wanke hannu. Ya karɓi jaririn, ya yi masa addu'a, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, idonsa ya kawo ruwa. Ya shafa kaina. Sannan na ga ya saci kallon agogo.

Na ce, "Baba, je ka."

Ya ce, "Akwai waɗanda ba su ci ba tun jiya, Uwata. Zan dawo."

Ya tafi. Na juya fuskata bango. Ya dawo da yamma kamar yadda ya ce, da lemo da ayaba, amma ni na riga na ga agogon.

Yau Uwar Tagwaye dakta ce, ita ke shugabantar ɗakin gwajin jini a wani asibitin yara, kuma jarirai da yawa an gano sikilarsu da wuri saboda ita. Mutuniyar kirki ce, ba ni da abin faɗa a kanta. Amma in ta shigo shagona ta ce, "Ya jikin Babanmu?" sai in gode wa Allah da akwai allurai a bakina.

Sai Dogo. Tsawonsa ya sa aka sa masa sunan, ni ma sai na taka kujera nake auna kafaɗarsa. Shi a wani ganye ya yi aikinsa. Ya tatsi ruwan ganyen ya zuba wa ƙwayoyin ciwon daji a kwalba, washegari ya tarar sun mutu. Labari ya bazu a sashen kafin Baba ya gama duba takardun. Shugaban sashe ya zo da kansa, yana cewa a kira 'yan jarida, domin irin wannan labarin shi ke jawo wa sashe tallafi, kuma janaretansu ya daɗe da mutuwa. Ba mugun mutum ba ne, nauyi ne a kansa. Ya kuma tuna wa Baba cewa takarda ɗaya mai ƙarfi ta rage masa ya zama farfesa.

Baba ya ce a sake, amma wannan karon a ware kwalba guda, a zuba mata ruwan da aka jiƙa ganyen da shi kawai, ba tare da ganyen ba.

Su ma suka mutu. Ashe ba ganyen ne ke kisan ba, sinadarin da Dogo ya jiƙa shi a ciki ne ya yi ƙarfi.

Dogo ya ce min ranar ji ya yi kamar ya shaƙe tsohon. Ya riga ya faɗa wa mahaifiyarsa ya gano maganin ciwon daji, ita kuma ta faɗa wa dangi kaf. Ya yi wa Baba tsawa a gaban ɗalibai: "Malam, in ba ka son ci gaba, ka bar mu mu ci!" Ya buga ƙofa ya fita, ya je bayan ginin inda ake zubar da fasassun kujeru ya zauna a ƙasa.

Can sai ya ji an zauna kusa da shi. Baba ne, da farar rigarsa, a kan ƙura.

"Bari in ba ka labari," in ji shi. Ya ba shi labarin nasa digirin na uku a wata ƙasa mai sanyi, inda ya shekara uku yana bin wani sakamako da ya ɗauka gaskiya ne, sai a ƙarshe aka gano ƙwayoyin da yake aiki da su sun cakuɗe da wasu tun farko. Ya ce ya shiga ɗakin ajiye tsintsiya ya kulle kansa ya yi kuka kamar yaro. Ya ce har ya haɗa kayansa zai dawo gida, sai ya tuna ya bar mata da 'ya'ya biyu ƙanana da alkawarin zai dawo da abin da ya je nema, ya kwance kayan ya fara daga farko.

"Da muka buga wannan," ya ce wa Dogo, "wata uwa za ta bar asibiti ta je ta tsinko ganyen nan ta ba ɗanta. Kai za ka samu digiri, ni in samu kujera, ita ta binne yaro. Tashi mu je, akwai aiki."

Dogo ya ƙara shekara kafin ya gama. Baba kuwa zagayen ƙarin girma ya wuce shi, na gaba ma ya wuce shi, daga nan ya daina cike takardar. Yanzu Dogo yana aiki a hukumar da ke tantance magunguna kafin su shiga kasuwa, kuma an ce masu kawo maganin bogi ba sa son ganin tsawonsa a ƙofa.

Yana ba ni labarin nan ne ina auna masa wando. Na ajiye tef ɗin. 'Ya'ya biyu ƙananan nan, ɗaya Yayana ne, ɗaya ni ce. Ina cikin labarin, amma ban taɓa jin sa ba. Ban san Baba ya taɓa faɗuwa ba, balle in san ya iya kuka a ɗakin tsintsiya. Dogo ya sani, ɗan mutane, da ya zo jiya. Na ce masa, "Ka dawo gobe, zaren ya ƙare." Zare kuwa yana nan cike da akwati.

Kai ne, Baba, ka ga kujerar farfesa a gabanka, ka zaɓi kwalba guda da ta rushe ta. Mutane suna kiran kansu masu gaskiya a inda gaskiya ba ta cin komai. Taka ta ci maka abin da ka yi rayuwa kana nema, kuma ban taɓa jin ka yi mita a gida ba. Amma ai ba ka yin komai a gida, in ban da madalla.

Bara idonsa ya fara ba da matsala. Ya ɓoye mana. Ɗalibansa ne suka fara lura, don sun ga yana daɗewa a kan madubi yana murza shi gaba da baya, sannan ya ce wa na kusa, "Zo ka faɗa min abin da ka gani, in ji ko ka iya." Su suka kai shi wurin likitan ido da dabara. Aka ce hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye na hagu, kuma in ba a yi aiki da gaggawa ba na dama zai bi shi.

Ranar aikin na isa asibiti da Umma da Yaya, muka tarar babu wurin zama. Barandar cike take. Wasu sun zo daga garuruwa masu nisa, wasu da furfura, wasu da goyo. Duk nasa ne. Wata nas ta leƙo da takarda a hannu ta ce, "Ina 'yar majinyacin?"

Mata huɗu suka miƙe tare da ni.

Na ce da ƙarfi, har na ba kaina kunya, "Ni ce ta cikinsa!"

Suka zauna suna murmushi. Nas ta ce, "To, wane maganin hawan jini yake sha?"

Ban san sunan maganin ba. Na san yana shan wani fari ƙarami. Daga bayana Uwar Tagwaye ta faɗi sunan maganin, da yawansa, da cewa an canza masa shi watannin baya saboda yana sa shi tari. Nas ta rubuta ta koma ciki. Umma ta matse hannuna ta raɗa min, "Haɗiye, 'yar nan. Ba yau ba."

Na haɗiye. Muka zauna muna jira, ni da su, tsoro guda a cikinmu. Da likita ya fito ya ce an ceto idon dama, ko da yake ganin ya ragu sosai, Dogo ne ya fara fashewa da kuka, wannan ƙaton. Na sami kaina ina bubbuga bayansa ina cewa ya isa. Ina jin haushinsa, ina lallashinsa.

Idon ya isa Baba ya ga hanya, ya gane fuska, ya karanta manyan haruffa. Bai isa madubin bincike ba. Shi ya sa da lokacin ritayarsa ya yi, aka ce a ƙara masa shekaru, ya ce a'a.

Ranar da zai kwashe kayansa, ni ya ce in raka shi. Ban san me ya sa ba, ga ɗalibai suna rububin zuwa. Muka cika kwalaye da littattafai a ofis, sannan ya ce mu leƙa ɗakin bincike. Ni da na ɗinka rigunan ɗakin nan kusan duka, ban taɓa wuce ƙofarsa ba. Ya sa na wanke hannu har gwiwa, ya ba ni riga daga ƙugiya, na duba wuyanta na ga ɗinkina ne. Ya buɗe akwatin ɗumi ya lalubo wani ɗan faranti, ya ɗora a madubi.

"Sabuwar ɗaliba ce ta shirya wannan. Ƙwayoyin zuciyar ɗan tsako ne, daga cikin ƙwai. Ni ba zan gani ba. Duba min, Uwata."

Na sa ido. Da farko hazo kawai na gani. Ya kama hannuna ya ɗora a kan abin murzawa, ya ce in juya a hankali. Sai abin ya washe. Wasu 'yan abubuwa masu haske, shimfiɗe kamar yadin leshi, kuma suna motsi. Su tsuke, su saki, su tsuke, su saki.

"Baba, bugawa suke yi! Babu kaza, babu ƙirji, amma bugawa suke!"

"Tare, ko kowa da nasa?"

"Tare."

"To ta iya. Yarinyar za ta yi nisa."

Na kasa ɗaga kai. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, kuma kyawun ne ya tayar min da abin da na daɗe ina dannewa. Na ɗago na ce, "Shekara nawa kana kallon wannan, ina nan bayan katanga ina ɗinki, ba ka taɓa cewa in zo in gani ba?"

Ya juyo wajena. Sannan ya ce, "Na ɗauka ba ki so."

"Ka tambaye ni?"

"Ban tambaya ba."

Ya lalubi kujera ya zauna, ya cire tabarau yana juya shi a hannu.

"Nan na iya, Uwata. A nan in abu ya lalace na san inda zan taɓa. A gida in kin yi kuka sai in rasa yadda zan yi, sai in bar wa Ummanku in gudo nan. Da farko na ce na ɗan lokaci ne. Kafin in ankara kin girma. Ban kyauta ba."

Na san abin da 'yar kirki za ta ce. Za ta ce ba komai, Baba. Ni na ce, "Eh, ba ka kyauta ba."

Ya gyaɗa kai kamar an kawo masa sakamakon da ya yarda da shi. Na mayar da idona kan madubin, na ci gaba da kallo ina ba shi labarin abin da nake gani, yana jefo tambayoyi, har sai da mai shara ya zo ya tsaya a ƙofa da bokitinsa.

Baba, na gode. Na gode a madadin uwar da ba ta tsinko ganyen nan ba, wadda ba ta san ka ba kuma ba za ta sani ba. Na gode a madadin jariran da aka gano ciwonsu da wuri. Na gode a madadin Uwar Tagwaye da Dogo da duk masu cika baranda, ko da yake suna da bakinsu, kuma sun fi ni samun damar faɗa. Kai ne malamin da ya ɗauki ɗalibi a matsayin amana, ba matattakala ba. Abin da ka ba su na gaskiya ne, shi ya sa nake kishinsa. Ba a kishin abin banza.

Ku malaman da ke da ɗalibai a hannu, ku yi koyi da shi. Ku karanta aikinsu da gaske, ku sa sunansu a gaba, ku bi wanda ya karaya har gida, ku ƙi sakamakon ƙarya ko da zai ɗaga ku. Amma ku ƙara abu guda da shi bai yi ba: wata rana ku kama hannun 'ya'yanku ku kai su su ga abin da ke raba ku da su. Ku kuma ɗalibai, in Allah ya ba ku irin wannan malamin, ku sani wani aka rage wa aka ba ku. In kun haɗu da 'ya'yansa, ku gaishe su da kyau.

Yanzu tunda ba shi da inda zai je da safe, shagona yake zuwa. Na ajiye masa kujera kusa da taga, yana sauraron keken ɗinki yana hira da masu kawo ɗinki. Ba a yi mako ba ɗalibai suka gano wurin. Suka fara zuwa da kundayensu suna karanta masa da baki yana gyarawa, har masu awo suka rasa wurin tsayuwa. Sai na kafa doka: Laraba tawa ce. Ranar nakan karɓe wayarsa in jefa a akwatin zare, mu ci abinci tare a kwano ɗaya, in yi ta tambayarsa abubuwan da ya faɗa wa kowa ban da ni.

Larabar da ta wuce wata ɗaliba ta zo da kundi a ƙirji, idonta ja, ta ce tana neman Baba, abu ne na gaggawa. Na tambaye ta ko wani abu zai mutu kafin gobe. Ta yi tunani ta ce a'a. Na hango shi ta gefen ido ya fara yunƙurin tashi, sai kuma ya koma ya zauna, ya ɗauki cokalinsa.

Na ce mata, "Ki dawo gobe da safe, 'yar'uwa. Yau yana tare da 'yarsa."

Allah ya yafe min, na ji daɗin faɗin haka ƙwarai.